Gurabe Talatin da Biyu

Da sunan Allah mai rahama, wanda ya yi haske ya yi duhu, ya jera matakai a tsakaninsu waɗanda ba mai iya ƙidaya su sai shi. Bayan haka, ni ne Tunau ɗan Barmo, mai kula da madubin nesa na birnin Farfaru. Wannan shi ne labarin abin da ya fitar da ni daga gida, da ƙasashen da na taka, da abin da na tarar da na komo.

Farfaru birni ne a kan filin gishiri, a bakin teku. Ƙasa fara, ganuwa fara, rana kuwa ba ta san sassauci ba, shi ya sa za ka ga ɗan garinmu ko a inuwa yana kanne ido. Muna da wani hali da baƙi ke yi mana dariya a kai, mu kuwa taƙama muke yi da shi, wato rabon daidai. In aka kama kifi a gidanmu, sai an auna kowane yanka da zare. In uwa za ta yi wa 'ya'yanta faɗa, sai ta tabbatar kowa ya sami kasonsa, har wanda ba ya nan lokacin da aka yi ɓarnar. Da wannan hali aka haife ni, ban kuwa taɓa jin nauyinsa ba sai da na bar gida.

Madubin nesa wani faifan gilashi ne mai faɗin ƙofar zaure, yana cikin wani ɗaki a tsakiyar kasuwa. Kakanninmu ne suka shimfiɗa masa waya zuwa garuruwa masu nisa, yana kawo hoton mutum yana motsi, amma ba ya kawo murya. A bayansa akwai akwati, cikin akwatin akwai dutsen tuni, wanda bai wuce tafin hannu ba, da gurabe talatin da biyu kamar na dara. Hasken da ke biyo waya ɗigo-ɗigo yake zuwa, kowane ɗigo da ƙarfinsa, matakan ƙarfin kuwa sun haura dubu. In ɗigo ya iso sai ya faɗa gurbin da ya dace da ƙarfinsa, gurbin ya gaya wa gilashi yawan hasken da zai kunna a wurin. Gidaje talatin da biyu ne suka kafa Farfaru, saboda haka kowane gida yana da gurbinsa da tambarinsa a jiki, kuma an raba matakan haske a tsakaninsu daidai, daga baƙi ƙirin zuwa fari fat, ba wanda ya fi wani ko da taki ɗaya.

'Ya ɗaya Allah ya ba mu, ni da matata Lantana. 'Yar fari ce, ba ma kama sunanta a gida, amma a nan zan daure in faɗa: Yalwa. Ta koyi aikin ungozoma, hannunta ya yi albarka. Ana nan sai saƙo ya zo daga Zurfai, ɗaure a ƙafar tsuntsu, cewa ungozomarsu ta rasu, mata suna ta mutuwa a kan gwiwa.

Zurfai birni ne a ƙarƙashin ƙasa, a hayin teku, inda ake haƙar tagulla. Iskar ramukansu ba ta shiri da wuta, ko ƙyastu aka buga sai gari ya kama da wuta, don haka da wata gansakuka mai ƙyalli suke gani, wadda haskenta bai kai na wata a bayan gajimare ba. Tsakaninmu da su akwai Ruwan Miƙau, igiyar teku mai tafiya gefe guda. Jirgin da ya bi ta yakan isa lafiya, amma ba a taɓa jin wanda ya komo ba. Yalwa ta ce za ta tafi, ba wanda ya tilasta mata. Uwarta ta yi kwanaki tana fushi da ita, sannan wata safiya ta tashi ta kama ɗaure mata kaya.

Tun daga nan, kowace ranar kasuwa da hantsi, Yalwa takan zauna gaban madubinsu, mu ma mu zauna gaban namu. Ita tana ganinmu tas, don haskenmu ya ishi kowane dutse. Mu kuwa abin da muke gani wani baƙin dunƙule ne a kan bango mai ɗan toka-toka. Duk hasken Zurfai, daga mafi duhunsa zuwa mafi ƙarfinsa, a gurabe biyun farko yake ƙarewa, sauran talatin suna zaune ba aikin fari. Dunƙulen yakan ɗaga hannu, Lantana ta ɗaga nata, mu tashi mu koma gida. Haka muka yi shekaru.

Sai yanar ido ta fara sauko wa Lantana. Wanzami ya duba ya ce ba irin wadda ake cirewa ba ce, a hankali za ta ci gaba har ta rufe. Ranar tana tankaɗe a tsakar gida ta ce mini, ba ta ko ɗago kai ba:

"Malam, ban roƙi abu mai yawa ba. Fuskar yarinyar nan nake so in gani sau ɗaya kafin idon ya rufe."

Na duba abin ta kowane gefe, na ga ba laifin kowa ba ne sai ƙanƙantar dutsenmu. Na ce a raina, da zan sami dutse mai gurabe dubu, da duhun Zurfai ma ya sami rabo mai kauri. Na nemi izini wurin Magajin Gari Korau, na bar madubi a hannun wana Jatau, na ɗauki sanda da gora na fita.

Na bi ayarin fatake masu ɗora kaya a bayan kunkuru, kowane kunkuru girman ɗaki. Suna tafiyarsu ta kunkuru, ni kuwa zuciyata tana gudu ta bar ni a baya. Muka ratsa dajin da itatuwansa ke kauce wa matafiyi da rana su koma wurinsu da yamma, muka haye kogin da ruwansa ke da ɗumi kamar kunu, har muka iso Birnin Rumbuna, inda aka ce ba a taɓa yin dutsen tuni kamar nasu ba.

Ba a yi ƙarya ba. Dutsen nasu tsauni ne guda a tsakiyar gari. Sarkinsu Tarau ya sa an yi wa kowane matakin haske gurbinsa. Bai ƙoshi ba, ya ce ja da kore da shuɗi kowanne a yi masa nasa daban. Bai ƙoshi ba, ya ce kowane gaurayen launukan nan uku ma a haƙa masa gurbi, har yau kuwa ba a gama haƙa ba. Hoton madubinsu in ka gani sai ka riƙe baki, kana iya ƙirga gashin girar mutum. Na tsaya gabansa ina hawaye, ina cewa wahalata ta ƙare. Ina cikin haka aka dafa kafaɗata, aka ɗora mini tulu.

Ashe dutse mai girma haka zafi yake yi kamar maƙera, sai ana kwara masa ruwa ba tsayawa, in ba haka ba ya tsage. 'Yan gari sun gaji, don haka duk baƙon da ya shigo nasa ne ɗiban ruwa har ƙarshen ransa. Na shiga layi, daga rijiya zuwa dutse, daga dutse zuwa rijiya, har wuyana ya yi kanta.

Wanda ke gabana a layi wani tsoho ne, Nomau. Shi ma neman babban dutse ne ya kawo shi tun yana da baƙin gashi, don ya ga ɗansa da ke wata ƙasa. Shi ya ba ni labarin wata mata, Gwamma, wadda a da ita ce shugabar masu sassaƙa na sarki. Ta ce wa sarki a gaban fadawa dutsensa ya fi hankalinsa girma, aka kore ta, ta koma kan Tsaunin Turaku, can gabas. Nomau ya ce an ce tana da dutsen da bai kai ƙwai ba, yana kuma nuna jemage a cikin kogo.

Akwai wani abu da na lura da shi a Rumbuna. Saboda yawan gurabe, kafin ɗigon haske ya lalubo nasa an daɗe, don haka madubinsu abin da ya riga ya wuce yake nunawa. Kana iya ɗora tukunya ka sauke, madubi yana nuna ka kana hura wuta. Sarki kuma ya hana dogaransa yarda da tsirarar ido, ya ce madubi ya fi ido gaskiya, saboda haka masu tsaron ƙofa a ɗaki suke zaune, sun juya wa ƙofar garin baya, suna kallonta a gilashi. Na gaya wa Nomau mu fita kawai. Ya yi dariya har da tari, ya ce shi ƙafafunsa sun manta wata hanya in ba ta rijiya ba, kuma ɗan nasa ma yanzu ya zama tsoho. Ya ce in na ga fuskar 'yata in kalle ta har da rabonsa.

Da rana tsaka na ajiye tulu a bakin rijiya, na bi ta ƙofar gari ina tafiyata kamar mai zuwa gaisuwa. Sai da na kai gindin wasu duwatsu, gari ya zama ɗan tabo a bayana, sannan na ji ana busa ƙaho, wato yanzu suka gan ni ina ajiye tulu. Na yi dariya, dariyar ta juye kuka, don na tuna Nomau yana can yana ɗaukar nasa.

Na sami Gwamma a kan Tsaunin Turaku, doguwar tsohuwa mai kaifin baki, tana zaune cikin makiyayan awaki. Na zube na gaishe ta, na kwashe labarina duka na gaya mata. Ta tambaye ni gurabe nawa ne a dutsenmu. Na faɗa a kunyace. Ta ce ita da goma sha shida take aiki, kuma wani lokaci tana jin ta yi almubazzaranci.

Ta ce ba ta koyar da kowa sai ya ɗebo mata ruwa daga idon ruwan da ke ƙasan tsauni. Hanyar siririya ce a jikin dutse, gefe guda bango, gefe guda rami. Da safe ana ganinta, amma kafin mutum ya juyo hazo ya rufe ta ruf. Saboda haka mai sauka yakan kafa turaku yana ɗaura igiya, in zai hau ya bi igiyar a makance. Ta ba ni igiya da jakar turaku 'yan kaɗan, ba ta ƙara mini ko kalma ba.

Hanyar miƙaƙƙiya ce kusan duka, sai can kusa da ƙasa ta yi wata muguwar kwana, ta shige cikin tsagar dutse ta fito. Ni kuwa ɗan Farfaru ne. Na auna tsawon hanya, na ƙirga turaku, na raba daidai, har ina jin daɗin yadda lissafin ya fita ba saura. A miƙaƙƙen wuri na jera su reras. Da na zo kwanar, rabonta turke ɗaya ne a wannan baki, ɗaya a wancan, da na ja igiya ta yi tsai sai ta ratsa ta kan rami. Na gani da idona. Na ce ai zan tuna, kuma ba zai kyautu wani yanki na hanya ya ci turakun wani ba.

Na cika gora na juyo, hazo ya sauko. Hannuna yana kan igiya, hankalina yana Farfaru, ina tunanin ko Lantana tana iya zura zare a allura har yanzu. Igiya ta ce mini miƙe, na miƙe, ƙafata ta taka iska.

Wani ɗan tudu a jikin ramin ne ya tare ni. Makiyaya suka ciro ni da cinya a karye. Gwamma ta ɗora ƙashin da hannunta, tana yi tana faɗa, amma na ga idonta ya kawo ruwa.

"Mutum nawa na aika hanyar nan," in ji ta, "kowa in ya ga kwana yakan tara turakunsa a wurin, ya hau ya ce mini ya gane. Darasin ke nan duka. Ban taɓa samun wanda ya ga rami ya tsaya yi wa turaku adalci ba sai kai."

Damina ta same ni a kwance, ta wuce ta bar ni a kwance. Sanyi ya shigo ina koyon tsayuwa da sanda. Ban taɓa sanin baƙin ciki irin na watannin nan ba. Duk safiyar da na buɗe ido na ga rufin ɗaki sarai, sai in ji haushin idona, in ce ga mai buƙatarsa can.

A kwancen ta koya mini. Ta sa aka toshe tagogi da rana, ta kunna fitila ɗaya, sannan ta ƙara ta biyu, ta ce na ga bambanci? Na ce ko makaho ya gani. Ta sa aka cika ɗakin da fitilu har ya yi kamar tsakar gida, ta ƙara ɗaya a ɓoye, ta ce in faɗi lokacin da ta ƙara. Na kasa. Ta ce haka Allah ya yi idon ɗan Adam, a duhu yake da tsegumi, a haske kuwa ba ruwansa. Hanyar da ke tsakanin hasken waya da hasken gilashi ba miƙaƙƙiya ba ce, kwanarta tana can ƙasa wajen duhu, kuma nan ya kamata gurabe su yi cincirindo. A fara da tazara 'yar ƙarama, in an ɗan hau a ninka ta, in an ƙara hawa a sake ninkawa, har a kai wajen fari, inda gurbi ɗaya zai riƙe fili mai faɗi ba wanda ya sani.

Na ce to ɗigon da ya faɗo tsakanin gurbi da gurbi fa? Ta ce igiyar ke nan. Ta nuna mini wani ɗan ma'auni na tagulla da ake maƙalawa a jikin dutse. In ɗigo ya faɗo a tsakani, ma'aunin yakan ɗebo daga gurbin sama ya ɗebo daga na ƙasa, gwargwadon wanda ɗigon ya fi kusa da shi, ya haɗa amsa. Ba sai an ajiye komai da komai ba, a ajiye kaɗan a inda ya dace, a ja layi a tsakani. Sannan ta kunna nata madubin, ta nuna mini cikin kogo. Na ga jemage a rataye, na ga jijiyoyin fiffikensa, na ga ɗansa a maƙale a ƙirjinsa. Na juya fuskata bango, don abin da na bar gida nema yana cikin akwatinmu tun kafin a haife ni.

Dutsen tuni sau ɗaya yake karɓar gyara, in hannu ya goce shi ke nan. Don haka ta hana ni tafiya sai da na sassaƙa gurabe a yumɓu har ta daina tsaki. Ranar da zan tafi ta ba ni ma'aunin, ta ce in bi hanyar tudu, kuma in na ga rami don Allah in nuna son kai.

Na iso Farfaru ina ɗingishi. Tun ban gama sallama ba Lantana ta fito bakin ƙofar ɗaki, ta ce, "Malam, ina ka baro mini rabin ƙafa?" Ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa a ƙwarya ko ɗigo bai zuba ba, ta shafa gemuna ta ce tafiya ta mai da ni kakan wani. Ta sha kwalli, tana ta sunkuyar da kai kamar amarya. Na tambaye ta idon, ta ce da sauransa. Na yarda, don ba abin da nake so a duniya kamar in yarda.

Abin da ya rage shi ne majalisa, kuma ita nake tsoro tun daga kan tsauni. Zan shiga gaban gidaje talatin da biyu in ce a rushe rabon da kakanni suka yi, a kwashe yawancin gurabe a tura su ƙuryar duhu, a matse tambarin wasu gidaje kamar ƙwayar gero, a bar wasu su kaɗai a fili. A garin da ake auna kifi da zare, an kori mutane a kan abin da bai kai wannan ba. Duk tsawon hanya ina shirya hujjoji, har fitilu na tanada don in nuna musu abin da Gwamma ta nuna mini.

Na yi bayanina, na daɗe ina yi. Ba wanda ya katse ni, ba kuma wanda ya dube ni a ido. Wani dattijo ya buɗe baki zai yi magana, na kusa da shi ya taɓa masa gwiwa, ya rufe. Magaji Korau, wanda gidansa ke riƙe da gurbin fari fat, mafi daraja a dutsen, ya yi gyaran murya.

"Ka sassaƙa, Tunau," ya ce. "Ka fara da na gidana."

Ko fitilun ban kunna ba. Na fito ina jin kaina, ina cewa ashe tafiya ta koya mini iya magana.

Na rufe kaina a ɗakin madubi na yi aikin. Hannuna bai goce ba. Na shafe tsofaffin gurabe, na haƙa sababbi, na tara su a ƙasa kusa-kusa, na yi ta buɗa tazara ina hawa, na mayar wa kowane gida tambarinsa, na maƙala ma'auni. Ranar kasuwa da hantsi ɗakin ya cika har waje. Lantana ta shigo tare da matar Jatau, hannunsu a haɗe, ta zauna a wurin da ta saba. Na yi bisimilla na haɗa waya.

Bangon toka ya fara fitowa, na ga ashe dutse ne mai gansakuka, da ƙusa an rataya mayafi. Sannan baƙin dunƙulen ya buɗe. Goshi ya fito, hanci ya fito, idanu suka fito. Yalwa ce, 'yata, zaune da yaro a cinya. Mutane suka ja numfashi gaba ɗaya. Na juya wajen Lantana don in ga fuskarta lokacin da take gani.

Tana zaune ta miƙe wuya, tana murmushi, fuskarta tana kallon ginshiƙin da ke gefen madubi.

"Malam," ta ce, "an kunna?"

Na dubi Jatau, ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali tun shigowar sanyi idon nata ya rufe. Tun ina kan tsauni ina koyon tsayuwa ke nan. Ita ta bi gida-gida ta roƙi kowa kada a gaya mini, har gidan Magaji ta je. A lokacin na gane shirun majalisa, na gane ba hujjata ce ta sa mutanen Farfaru suka bar rabon kakanninsu ba. Yalwa ma ta sani, ai tana ganinmu tas, a gabanta idon uwarta ya yi ta rufewa kasuwa bayan kasuwa.

Na durƙusa a gaban Lantana. Na so in yi faɗa, na fasa. Na ce mata don me ta ɓoye mini.

"Da na faɗa maka, da ka ajiye guduma," ta ce. "Kai ma ai ubanta ne. Share fuskarka, tana kallonka. Gaya mini abin da ka gani."

Na ɗaga kai na dubi gilashi, na rasa ta inda zan fara. Na ce kumatunta sun faɗa kaɗan. Na ce furfura ta fito mata a gefen hagu, sili-sili. Na ce akwai yaro a cinyarta, namiji, da manyan kunnuwa irin nawa. Lantana ta ce Allah sarki, yaro bai yi sa'a ba, mutane suka yi 'yar dariya cikin hawaye. Na ce tana cije leɓenta na ƙasa don kada ta yi kuka. Na ja numfashi zan ci gaba, in faɗi wuyanta, da hannayenta, da zanen da ta ɗaura, sai Lantana ta ɗora tafinta a bakina.

"Ya isa haka. Sauran na sani."

Idanunta a buɗe, leɓunanta suna ɗan motsi kamar mai harhaɗa fuskar a zuci, na bar ta har ta gama. Sannan ta gyara ɗaurin kallabinta, ta goge kwallin da ya zubo mata da bakin mayafi.

"Juya ni in fuskance ta daidai," ta ce, "kada yarinyar nan ta ga uwarta tana yi wa bango murmushi."

Na kama kafaɗunta na juya ta. Ta ɗaga hannu, Yalwa ta kama hannun yaron ta ɗaga tare da nata, ni kuwa na tsaya a tsakaninsu ina kallo da idon mutum biyu.

Iyakar abin da ya same ni ke nan, ni Tunau ɗan Barmo. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, abin da na rage kuwa shi ya san shi.